Yadda za ka ziyarci Bonny ka gane sunanta da arzikinta

Idan kana son ganin inda wani babban kaso na kuɗin Najeriya ke fita teku, ka je Bonny a jihar Ribas. Amma ina roƙonka kada ka je kamar mai zuwa kallon tankuna. Garin ya girmi fetur da ɗaruruwan shekaru, kuma wanda bai san wannan ba zai dawo da rabin labari.

Ka fara da suna tun kana gida. Mutanen garin Ibani ne, reshe na Ijo. Sunan da suka raɗa wa mazauninsu shi ne Okoloama, garin okolo, wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki da aka ce kakanninsu sun tarar da shi da yawa a wurin. Turawan da ke zuwa fatauci ta teku su ne suka ji Ibani ko Ubani, harshensu ya lanƙwasa shi ya koma Bonny, ya zauna a taswira. Ka riƙe sunayen nan duka. In ka zauna da dattijo ka ce masa Okoloama, zai gane ka yi shiri kafin ka zo.

Hanyar da aka saba ita ce ta ruwa daga Fatakwal, a kwalekwale mai inji. Ka shiga na safe, ka sa rigar kariya ko da na kusa da kai bai sa ba, ka ƙulle waya da takardunka a leda. A 2017 aka ƙaddamar da aikin titin Bodo zuwa Bonny, wanda Julius Berger ke yi, don haka ka tambayi direbobi a tasha halin da yake ciki a ranar tafiyarka.

Da ka sauka, ka nemi tsohon gari kafin komai. Sarautar Bonny tana hannun Amanyanabo, wato sarkin garin, daga zuriyar Pepple, garin kuma a kase yake gida-gida, kowane gida da shugabansa. Waɗannan gidaje asalinsu ƙungiyoyin fatauci ne masu manyan jiragen kwalekwale. Da cinikin bayi suka fara, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, sai a hankali suka koma manja, wanda masana'antun Turai ke nema don sabulu da shafa wa injuna. Manjan nan ne ya sa Turawa suka kira yankin Kogunan Mai, tun ba a san akwai fetur a ƙarƙashin ƙasa ba.

A nan nake so ka daɗe. Ka tambayi labarin Jaja, yaron Ibo da aka kawo bawa, ya tashi har ya shugabanci gidan Anna Pepple. A 1869 yaƙi ya ɓarke tsakanin gidansa da na Manilla Pepple, ya kwashi mutanensa ya kafa garin Opobo, ya tare hanyar da manja ke bi zuwa Bonny, kasuwar garin ta durƙushe. Shi ma bai tsira ba: Turawan Ingila sun kama shi a 1887 suka kai shi gudun hijira. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai, domin ya nuna arzikin Bonny kullum daga wani wuri yake gangarowa, ita mashiga ce. Duk wanda ya riƙe hanya ya riƙe wuyan garin. Ka kuma leƙa majami'ar St. Stephen, wadda tushenta ke komawa zuwan Bishop Samuel Ajayi Crowther a shekarun 1860.

Sannan ka juya ga fetur. An haƙo shi a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, tashar lodin Bonny kuma ta fara aiki a 1961. Bututai ne ke kawo ɗanyen mai daga rijiyoyin cikin ƙasa, a tara shi a tankuna, a tura wa jiragen dakon mai. Sunan Bonny Light da kake ji a labaran kasuwa daga nan ya samo asali: mai ne marar kauri, farar wutar da ke cikinsa kaɗan ce, shi ya sa matatu ke son sa. Kusa da Finima, wani gari da ke maƙwabtaka da Bonny, kuma akwai kamfanin gas na NLNG, wanda aka kafa a 1989, ya yi lodin farko a 1999. Aikinsa sanyaya iskar gas har ta zama ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600, ta shiga jirgi. NNPC ke da kashi 49 cikin 100, sauran na Shell da TotalEnergies da Eni. Wani ɓangare na gas ɗin girkin da ake sayarwa a Kano da Kaduna daga nan yake fitowa.

Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto kusa da shingen waɗannan wurare, jami'an tsaro ba sa wasa da wannan. Abin da ya fi hoto amfani shi ne tambaya. Ka tambayi mutanen Finima yadda aka tashe su daga tsohon mazauninsu don a gina masana'anta. Ka tambayi masunta yadda kamun kifi yake yanzu, ka tambayi matasa wane irin aiki ke zuwa hannun ɗan gari. Ka saurara da kyau, domin amsoshin ba za su zo iri ɗaya ba: wani zai yaba wutar lantarkin da garin ke samu, wani zai nuna maka tsadar abinci da haya. Turancin buroka zai ishe ka a kasuwa.

In ba kwana za ka yi ba, ka koma tasha da wuri, kada yamma ta same ka a kan ruwa.