Aikin porje a Damagaram: yadda ake tsara kwantiragin ma'aikaci da kuɗin tallafi

Duk ƙungiyar da ta samu tallafin porje tana ƙarƙashin ƙa'idoji biyu ne a lokaci guda. Akwai yarjejeniyar da ta sa wa hannu da mai ba da tallafi, akwai kuma dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Mai tallafi ba ya biyan komai sai abin da aka rubuta a kasafi aka kuma kawo takardarsa. Ita kuwa doka ba ruwanta da ko kuɗi ya iso daga waje ko bai iso ba. Ma'aikaci na ƙungiya ne, ita ta ɗauke shi, ita zai bi bashi. Yawancin rigingimun da ke kai ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu (ONG) na jihar nan gaban sufeton aiki daga wannan giɓi suke fitowa: an rubuta kasafi da albashi tsura, an manta da sauran haƙƙoƙin da doka ta ɗora. Saboda haka tun ranar rubuta kasafi ake fara gyaran.

Kwantiragi

Ma'aikacin porje galibi kwantiragi mai wa'adi ake yi masa, wanda kowa ya sani da CDD. Dole ya kasance a rubuce, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wa'adinsa ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Idan babu rubutu, ko wa'adi ya cika mutum ya ci gaba da zuwa aiki ana biyansa ba a sa hannu kan komai ba, to ana kallonsa a matsayin mai kwantiragi marar wa'adi, CDI. Daga nan sallamarsa sai da dalili, da sanarwa, da kuɗin sallama idan ya cika sharaɗin daɗewa. Ku ajiye jadawali ɗaya mai ɗauke da ranar ƙarewar kwantiragin kowa, a riƙa duba shi farkon kowane wata.

Kada ranar ƙarewar kwantiragi ta zarce ranar ƙarewar porje, sai ga mutum biyu ko uku da za su rufe littattafai, su ma idan mai tallafi ya yarda a rubuce cewa zai biya watannin rufewa.

Mutane da yawa suna sa wani layi a kwantiragi cewa aiki zai tsaya duk ranar da tallafi ya tsaya, su ɗauka sun tsira. Ba mu ba ku shawarar dogaro da wannan layi shi kaɗai ba. CDD ba a yanke shi kafin wa'adi sai da yardar ɓangarorin biyu, ko babban laifi, ko wani al'amari da ya fi ƙarfin kowa, kuma ba ƙungiya ce ke da kalmar ƙarshe kan ko janyewar mai tallafi ta shiga wannan sahu ba, alƙali ne. Idan aka yanke ba bisa ƙa'ida ba, ma'aikaci na iya neman albashin watannin da suka rage. Abin da ya faru a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, kwatsam, ya nuna cewa ba tatsuniya ba ce: umarnin tsayar da aiki na iya zuwa dare ɗaya alhali kwantiragi na da sauran wata takwas. Dabarar da ta fi aminci ita ce a daidaita wa'adin da kuɗin da aka riga aka tabbatar. Porje na shekara 3 da ake sakin kuɗinsa shekara-shekara, kada a yi masa alƙawarin da ya wuce abin da ke hannu ba tare da an je ofishin sufeton aiki na Damagaram an nemi shawara ba. Zuwa can kafin sa hannu ya fi zuwa bayan an kai ƙara sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani wurin da ake zamewa shi ne masu wayar da kai a karkara, irin waɗanda ake turawa ƙauyukan Mirya, Magarya ko Tanut. Ana kiransu ƴan sa-kai ko masu aikin wucin gadi don a kauce wa CNSS, wato asusun ƙasa na fansho, tallafin iyali da haɗarin aiki. Amma mutumin da ke da lokacin zuwa aiki, yana karɓar umarni daga shugaba, ana biyansa duk wata, ma'aikaci ne a idon doka ko da wane suna aka rubuta a takarda. Ranar da babur ya kayar da shi a hanyar Gure, babu rajista, babu mai ɗaukar nauyin jinya sai ƙungiya ko iyalinsa. Wanda aka yi wa rajista kuwa, ana sanar da haɗarin cikin awa 48, asusun ya shigo ciki.

Abin da ma'aikaci ɗaya yake ci a kasafi

A nan ya kamata a zauna da alƙalami. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun Janairun 2024, aikin mako awa 40. Kuɗin CNSS kashi biyu ne: ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, ƙungiya kuma ta ɗora kashi 16.4 daga aljihunta (6.25 na fansho, 8.4 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki). Ana lissafin ne a kan albashin da bai wuce sefa 500,000 a wata ba. Akwai kuma ɗan kason ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, da ke kan mai ɗaukar aiki.

Mu ɗauki mai kula da aikin fili da albashinsa kafin cire komai ya kai 300,000. Za a cire masa 15,750, ƙungiya ta ƙara 49,200. Ke nan duk wata yana cin 349,200 a kasafi tun ba a yi maganar ANPE da inshorar lafiya ba. A shekara kason ƙungiya kaɗai 590,400 ne. Idan ma'aikata goma ne masu irin wannan albashi aka manta da wannan layi, giɓin ya kai 5,904,000, kuma babu mai tallafin da zai cike shi bayan an sa hannu. Mai albashin 700,000 kuwa, a kan 500,000 za a tsaya: 26,250 daga gare shi, 82,000 daga ƙungiya.

Harajin albashi, ITS, daga albashin ma'aikaci ake cire shi, yana hawa mataki-mataki daga kashi 1 zuwa kashi 35, ana kuma rage shi gwargwadon nauyin iyali. Don haka ku karɓi takardun aure da na haihuwar ƴaƴa tun ranar ɗaukar aiki. Kuma ku faɗa wa mutum a fili ko adadin da aka yi ciniki a kai shi ne wanda zai shiga hannunsa ko kuwa na kafin cirewa. Rashin wannan bayani kaɗai yana ɓata zumunci a ƙarshen watan farko. Kuɗin da aka cire na CNSS da na haraji amana ne, ba na ƙungiya ba ne. Wanda ya taɓa shi ya sayi gazuwal da niyyar mayarwa idan kaso na gaba ya iso, tara zai tarar, kuma mai tallafi ba ya biyan tara.

Sai hutu. Ma'aikaci yana tara kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato wata guda a shekara. Idan porje ya ƙare bai ci hutunsa ba, kuɗi za a ba shi. Ko dai a tsara kowa ya tafi hutu cikin wa'adin porje, a guje wa lokacin da aiki ya yi zafi kamar rabon iri gab da damina, ko a ware kashi ɗaya cikin goma sha biyu na albashi duk wata. Ga mai 300,000, sefa 25,000 ke nan. Hutun haihuwa mako 14 ne, saboda haka a yi tunanin mai riƙon wuri tun a kasafi. Abin takaici ne a ga ana ƙin ɗaukar mata ƙwararru don gudun wannan, alhali layi ɗaya a kasafi ya isa.

Idan mutum ɗaya yana yi wa porje biyu aiki, kamar akawu ko direba, takardar rabon lokaci ce hujja. A wata mai awa 160, wanda aka rubuta kashi 40 a porje ɗaya da kashi 60 a ɗayan zai nuna awa 64 da 96, ya sa hannu, shugabansa ya sa hannu a ƙarshen watan. Masu bincike suna gane takardun da aka cika rana ɗaya da biro ɗaya na shekara guda. Jimillar kason mutum kuma kada ta haura 100. Biyan albashi ɗaya daga aljihu biyu zamba ce.

Kashe kuɗi

Kafin a fitar da ko dala, tambaya huɗu: yana cikin kasafi? Ranarsa tana cikin wa'adin yarjejeniya? An bi hanyar saye da aka tsara? Akwai takarda? Idan ɗaya ta faɗi, mai bincike zai soke kuɗin, ƙungiya ta mayar daga aljihunta.

Kowane porje da asusunsa na banki, da sa hannun mutum biyu. Mai neman kuɗi, mai amincewa da mai biya kada su zama mutum ɗaya, ko da ma'aikatan ofis huɗu ne kacal. A sa wa ƙaramin asusun hannu iyaka a rubuce, a ƙirga shi ba zato ba tsammani. Kuɗin tafiya da aka ba mutum, kada a ƙara masa wani sai ya kawo lissafin na baya. Aron kuɗin porje ɗaya don a toshe ramin wani shi ne ya fi komai saurin rusa amana, domin takardar banki ba ta ɓoye shi.

Littafin ƙa'idojin ƙungiya ne ke faɗin adadin da idan saye ya kai shi sai an nemi farashi daga ƴan kasuwa uku; idan na mai tallafi ya fi tsauri, nasa za a bi. Ya zamana ukun na gaske ne, kowa da lambarsa ta rajistar haraji, NIF, ba ɗan kasuwa guda ya kawo takardu uku da hatimi daban-daban ba. Kada kuma a raba saye ɗaya gida uku don a tsallake iyaka. Idan ɗan'uwan wani a kwamitin saye yana cikin masu nema, ya faɗa a rubuce ya fita daga zaman. A gari irin Damagaram, inda kusan kowa dangin kowa ne, wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare shi.

Sayayyar karkara tana da nata. Mai amalanken da ya kai kaya ko matar da ta dafa abincin taro ba su da faktir, wato rasit na ɗan kasuwa. A tanadi takardar karɓar kuɗi mai suna, gari, rana, abin da aka yi, lambar waya, sa hannu ko dangwale, da shaida guda. A rubuta adadin da sefa, da lambobi da kuma kalmomi, tun da a kasuwa da dala ake ƙirga: wanda ya ce ɗari biyu jaka guda yake nufi, kuma ana samun takardun da suka sauka ninki biyar saboda haka. A kasuwannin kan iyaka, wajen Magarya da Matamaye, idan da naira aka biya a rubuta canjin ranar a jikin takardar. Taro kuwa, takardar halarta ta kowace rana daban, sunayen su dace da na takardar kuɗin mota. Mota da littafinta: kilomita na tashi, na dawowa, lita nawa aka sha, da takardar izinin tafiya da aka buga wa hatimi a inda aka je.

TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, kashi 19 ne. Idan ƙungiya na da damar yafiya ta hanyar yarjejeniyarta da gwamnati, kafin saye ake neman takardar. Bayan an biya, dawo da kuɗin wahala ne, wasu masu tallafin kuma ba sa ɗaukar harajin da da an nema za a yafe.

Ƙa'idojin masu tallafi sun bambanta, sai an karanta na kowa. A tallafin Tarayyar Turai, kuɗin tafiyar da ofis ba ya wuce kashi 7 na kuɗin aikin kai tsaye: a kan miliyan 50, miliyan 3.5. Ana iya matsar da kuɗi tsakanin manyan sassan kasafi muddin canjin bai wuce kashi 25 na sashen ba, a sanar a rubuce. Abin da ya haura sai an gyara yarjejeniya, ana kuma nema aƙalla kwana 30 kafin ranar da ake so ya fara aiki. Kuɗin ko-ta-kwana ba a taɓa shi sai da izini a rubuce. Amincewar da aka yi ta waya ba hujja ba ce, domin jami'in da ya ce to yana iya barin aiki kafin bincike ya zo.

Kuɗin Yuro ba ya ba da tsoro, tun da canjinsa a tsaye yake kan sefa 655.957. Dalar Amurka ce ke hawa da sauka. Tallafin dala 100,000 da aka lissafa kan 600 miliyan 60 ne. Idan ta sauka zuwa 560 ya koma miliyan 56, albashi kuwa bai ragu ba. A yi kasafi da canji mai ɗan rangwame, a sake lissafi duk lokacin da kaso ya shigo.

Tun 1 ga Janairun 2024 ƙungiyoyi marasa neman riba a ƙasashen OHADA, wato ƙasashen Afirka da ke bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya har da Nijar, suna bin tsarin lissafi nasu, SYCEBNL, wanda aka amince da shi a Yamai a Disambar 2022. Akawun da bai samu horo a kansa ba, a sa kuɗin horonsa a kasafi na gaba.

Rufewa

Wata uku kafin ƙarshe a fara. A lissafa sauran hutun kowa, a sanar da ma'aikata a rubuce, a tsayar da manyan sayayya, domin kayan da aka saya saura mako biyu porje ya ƙare da wuya a yarda an yi aikin da su. Idan akwai ragowar kuɗi da aikin da bai kammala ba, yanzu ne lokacin neman ƙarin wa'adi, ba bayan ranar ta wuce ba. Ku sani kuma kason ƙarshe sau da yawa ba ya zuwa sai an amince da rahoton ƙarshe, don haka albashin watan rufewa yana bukatar tanadi na daban.

Kowane ma'aikaci ya tafi da takardar shaidar aiki, da lissafin haƙƙinsa na ƙarshe, da tabbacin cewa an zuba masa CNSS har watan da ya bari. Shi ma ya je ofishin asusun ya duba da kansa, kada ya jira ranar fansho. Babura, kwamfutoci da mota a ƙirga su, a nemi takardar mai tallafi kan wanda zai gaje su. Takardun lissafi dokar OHADA ta ce a ajiye shekara 10, wanda ya zarce abin da yawancin masu tallafi ke nema. A ɗauki hotonsu a ajiye wuri biyu, na asali kuma a sa cikin akwatin ƙarfe a ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Rasit ɗin gidan mai da na'ura ke bugawa yana goge cikin ƴan watanni a zafin nan, sai a yi masa fotokofi ranar da aka kawo shi a liƙa su tare.