Sabon Gidan Reza da Tsohon Hannu: Inda Masu Aski Ke Cutar Kansu

Duk wanda ya sayi sabon gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a saka reza mai baki biyu, ƙorafinsa na makon farko ɗaya ne: wai abin jabu ne, ya yayyanka masa wuya, ya feso masa da ƙuraje. Na gaji da jin wannan magana. A kasuwar Wunti aka sayo shi ko a ta Muda Lawal a nan Bauchi, ko tsarabar wani ce daga Saudiyya, in ka karɓa ka duba, galibi lafiyarsa ƙalau. Hannun mai shi ne bai san an canja masa kayan aiki ba. Ya yi shekara goma yana aski da ɗan na roba, ko da wani gidan rezar daban, yau ya ɗauki sabo yana so ya tafiyar da shi kamar tsohon.

Babban laifin, wanda ni ma na sha azabarsa ba kaɗan ba, shi ne dannawa. Na roba irin su Bic ba shi da wani nauyi, bakin rezarsa kuma a ɓoye yake cikin roba, sai ka ɗan danna kafin ya ci. Masu baki uku ko biyar ɗin nan kuwa, ƙarfin hannunka rabuwa yake yi a kan bakunan duka da faffaɗan kan, shi ya sa kake dannawa ka kwana lafiya. Na ƙarfe ba haka yake ba. Nauyinsa yakan kama daga giram 60 zuwa sama da 100, baki ɗaya tak ke taɓa fata, kaurin rezar kuma bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Duk ƙarfin da ka sa, a kan wannan siririn layi yake sauka. Da ka danna, fata takan tasa ta cusa kanta cikin ratar da ke tsakanin bakin reza da sandar kariyar da ke ƙasansa, sai rezar ta kankare saman fatar tare da gashin. A lokacin ba za ka ji komai ba, kumfa ta rufe ɓarnar. Sai ka zo alwala, ruwa ya sauka a wuya, ka ji kamar an barbaɗa maka barkono. Ɗigo-ɗigon jinin nan da ke tsattsafowa a ƙarƙashin haɓa ba tare da ka ga yanka ba, aikin dannawa ne, ba kaifin reza ba.

Abin takaicin shi ne, ka gaya wa mutum yana dannawa, ya rantse maka ba ya yi. Gaskiyarsa ce, bai sani ba, hannun ya riga ya saba. To a gwada shi a madubi: in ka ɗora kan rezar a kunci ka ga fata ta lotsa ko da kaɗan ne, ka danna. Ni dai da yatsu uku nake riƙewa, babban yatsa da manuni da na tsakiya, can wajen ƙarshen mariƙi, ta yadda ko na so in danna ba ni da ƙarfin yi. Wasu sun fi son riƙo kusa da kai, daidai inda nauyin ya rabu biyu. Ban hana ba, amma ga sabon shiga riƙon ƙarshe ya fi saurin karya masa tsohuwar ɗabi'a. Nauyin ƙarfen shi ne zai yi aikin, kai jagora kawai kake yi masa. In kana son alƙali, nemi gutsuren alif, wannan dai da ake tace ruwa da shi, ka goge kaifin gefensa ya yi sumul. Bayan aski ka jiƙa shi ka shafa a fuska. Inda ya wuce shiru, hannunka ya yi daidai. Inda ya cije ka, nan ka danna. Ka bar shi minti ɗaya ka wanke, domin yana busar da fata.

Kuma don Allah, in ka ja sau ɗaya ka ga gashi bai fita ba, kada ka ƙara ƙarfi. Ba ƙarfi ne ya yi kaɗan ba, kwanciyar rezar ce ba daidai ba. Na roba mai kai mai lanƙwasa shi yake bin fuska ya daidaita kansa, har mutum ya manta cewa akwai wani abu wai shi kusurwa. A nan kai ne za ka nemo ta. Ana cewa digiri 30 tsakanin reza da fata, amma ba wanda zai shiga banɗaki da ma'auni. Ga hanya mai sauƙi: ɗora murfin saman a kan kunci, mariƙin yana miƙe waje kamar ka soka shi a kumatu. A haka rezar ba ta taɓa komai. Ka dinga sauko da mariƙin a hankali kana ɗan ja ƙasa, har ka ji ta fara cin gashi da wata ƙara mai kama da ƙar-ƙar. Nan ne wurin. In ka wuce nan, mariƙin ya kwanto kusa da fuska, rezar ta daina yanka ta koma kankara. Kashe rediyo da famfo a askin farko, kunne ya fi ido gane wannan. Wuyan hannu kuma a kafe shi, motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa, ja gajere gajere, santimita biyu zuwa uku. Dogon ja daga saje har haɓa shi ke sa kusurwa ta ɓace a kwanar muƙamuƙi.

Wanda ya riga ya saba da wani gidan reza na ƙarfe, shi ne ma ya fi taurin kai, don gani yake ya ƙware. Malam, ba ka ƙware da wannan ba, da wancan ka ƙware. Rezar da ake sakawa girmanta ɗaya ne a duk duniya, amma gidajen sun sha bamban: faɗin ratar da ke ƙarƙashin baki, yawan leƙowar bakin, da yadda murfi ke lanƙwasa rezar. Merkur 34C na Jamus da Edwin Jagger DE89 na Ingila masu sauƙin hali ne, suna yafe kuskure. Mühle R41 kuwa ba ya yafiya, bakinsa a waje yake sosai. Wanda ya taso daga mai sauƙi zuwa mai zafi da tsohon hannu zai ga jini. Wanda ya sauko daga mai zafi zuwa mai sauƙi zai ce ba ya ci, ya fara dannawa, ga shi mun koma gidan jiya. Mai sauƙin hali yana da ƙunƙuntar kusurwa, in ka kauce kaɗan sai ya zame a kan gashi bai yanka ba. In naka mai lamba ne da ake murɗawa, irin Merkur Futur mai 1 zuwa 6, fara da 1 ko 2, ka zauna a nan mako guda. Ban san wa ya gaya wa samari cewa lamba 6 ce ta maza ba.

Kuskure na biyu da ke ci mini rai shi ne aske wa gashi ta baya, wato saɓa wa kwanciyarsa, tun ranar farko, don neman santsi irin na tangaran. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa da saman fata, ko aka ja fatar da ƙarfi kafin a yanka, guntun yakan koma ciki da tsininsa. Da ya fara tsiro sai ya lanƙwashe ya soki fatar ta ciki, ko ya fito ya juyo ya sake shiga. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya warke ya bar baƙin tabo. Waɗannan su ne ƙurajen askin da ke cika wuyan mutane, kuma a ƙeya sukan zama tauraran ƙulli da ba sa tafiya da kansu. Santsin rabin yini bai kai wannan tsadar ba wallahi. Mutum ya yi askin Juma'a fes, ran Lahadi wuyan rigarsa na gogar ƙuraje, ran Talata ya sake bi ta kansu da reza yana fille musu kai. Wannan ba tsafta ba ce, zalunci ne ga fata.

Kafin ka taɓa sabon gidan reza, bar gashin ya yi kwana biyu ko uku, sannan ka shafa shi da yatsa. Inda ka ji laushi, can gashin ya kwanta. Inda ka ji kaushi, ka saɓa masa. A kunci galibi ƙasa yake kallo, amma a wuya ba shi da ƙa'ida: wani gefen yana kallon kunne, wani yana hawa sama, kusa da zakaran wuya ma yakan yi juyi. Mu da yawancinmu muke barin gemu, kunci da wuya kaɗai muke gyarawa, wato daidai wurin da ya fi rikici muke aske wa. Makonni biyu na farko, bi kwanciyar gashi kawai, sau ɗaya, ko sau biyu da sabuwar kumfa. In fata ta amince, ƙara ja na gicciye. Ta baya kuwa, a wuya ban yarda da shi ba ko bayan shekara. Akwai masu yi kuma suna zaune lafiya, amma in ka taɓa yin ƙurajen aski ko sau ɗaya ne, ba ka cikinsu. Zakaran wuya kuma ba a hawa kansa: ja fatar gefe da yatsa a hankali ka aske a kan tsoka. In ƙuraje sun riga sun fito, ajiye reza gaba ɗaya na mako uku zuwa huɗu, ka rage gashin da almakashi ko injin aski ba tare da ya ci ƙasa ba. Waɗanda suka taurare ko suke fitar da mugunya, na likitan fata ne, ba na man shafawar kasuwa ba.

Sai masu canja komai rana ɗaya: sabon gida, sabuwar reza, sabon sabulu. In fuska ta ɓaci, wa za ka kama? Riƙe rezar da ka saba da ita, Tiger ce, Nacet ce ko Super-Max, ka yi aski biyar ko shida da ita a sabon gidan. Bayan nan ka gwada wata. Feather ta Japan tana cikin mafiya kaifi, Derby ta Turkiyya ta fi ta sanyi, kuma reza ɗaya takan yi daɗi a wannan gida ta yi kaushi a wancan. Sabon shiga ya haɗa Feather da gida mai zafi, ya nemi fitina da kuɗinsa.

Jiƙa gashi ma ana raina shi, musamman da hunturu, lokacin da iskar Bauchi ke tsotse fata har ta yi fari. Busasshen gashi tauri gare shi, in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya yi laushi, rezar ta wuce ba fisga. Mafi sauƙi, yi aski bayan wanka. Sabulun wanki ba na fuska ba ne, kumfarsa tana bushewa kafin ka gama kunci ɗaya. In ruwan burtsatsen unguwarku ba ya kumfa, tafasa kofi ɗaya ka bar shi ya huce, ko ka yi da ledar ruwa guda. Kumfar kirki mai santsi ce mai ɗan sheƙi, ba tulin iska ba. Wurin da ba kumfa kuma reza ba ta komawa, ko da gashi ɗaya ne ya rage.

Wajen haɗawa, gidan mai kashi uku ne: murfi, farantin ƙasa, mariƙi. Mutane da yawa sukan kifa farantin, su yi ta ja ba ya ci. Bayan ka ɗaure, duba ta sama ka tabbata bakin ya leƙo daidai wa daida a gefe biyu. Arha-arhan nan sukan bar reza ta karkace, sai ka sassauta ka gyara ta ta gajerun gefunanta. Kada ka murɗe kamar kana ɗaure notin babur, yawancin kawunan ba tsantsar ƙarfe ba ne, haƙorin notin yana cinyewa, in ya faɗi a siminti ma ya karye. Mai buɗewa kamar ƙofa biyu kuma yakan sassauta a tsakiyar aski, ka dinga taɓa ƙasansa.

Kada a goge bakin reza da tawul, akwai siririn shafi a kansa da ke sa ta santsi, ɗauraya ta isa. Aski uku zuwa biyar ka sauya ta, da ta fara fisga kada ka yi jayayya da ita. Kada a ja gidan reza ta gefe, wato bin tsawon bakin rezar, wannan tsaga ce kai tsaye. Sifirit da turare a kan sabon aski ƙuna kawai suke ƙarawa. Ruwan sanyi, sannan ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar wake a murza a tafin hannu, ya wadatar.

Reza ba a aro, ko tsakanin wa da ƙani, domin ciwon hanta nau'in B yana bin ɗan jinin da ido ba ya gani. Tsohuwar kuma kada a jefa ta a shara tsirara, yara na wasa a bola, masu tsintar roba na tonawa da hannu. Samo gwangwanin madara, ka tsaga masa 'yar kafa a sama kamar asusu, ka dinga zurawa ciki. In ya cika ka bubbuge bakin ya rufe kafin ka yar.

Masu aske kai ƙwal kuwa, ku bari sai hannu ya yi wata guda a fuska kafin ku hau da shi. Ƙoƙon kai zagaye yake, kusurwa na canjawa a kowane ja, ƙeya kuma ba a ganinta. In gashin ya wuce tsiron kwana uku, a fara rage shi da inji, don dogon gashi yana toshe ratar gidan reza tun ja na biyu. Hannu ɗaya na aski, ɗayan na bin sawu yana lalubo abin da ya rage da inda fata ta yi ninki. A ninkin ƙeya sai ka sunkuyar da kai fatar ta miƙe da kanta, ka bi gashin ƙasa sau ɗaya, ka ɗauraye.