Yadda za ka gane aikin ubikwitin a yaƙin jiki da bairas ba tare da hadda ba

Duk ɗalibin bayokemistiri da ya zo min da kuka kan wannan babin, sai in ce ƙanena rufe littafin tukuna, ɗauko takarda da biro kala biyu, shuɗi da ja. Hadda ba ta kai mutum ko'ina a nan, sunayen sun yi yawa wallahi.

Fara zana ɗan da'ira, shi ne ubikwitin, furotin ɗan mitsitsi mai amino asid 76 kacal. Ɗauke shi kamar shaidar da ake yi wa buhu da fenti a kasuwar hatsi, ɗan dako ba ya kwance buhu, shaidar kawai yake dubawa ya san motar da zai loda. Sai ka zana masu aiki uku: E1 ya tayar da ubikwitin da ƙarfin ATP, ya miƙa wa E2, shi kuma E3 shi ke nuna furotin ɗin da za a liƙa wa. E1 biyu ne a jikin mutum, E3 kuwa sun haura 600, to ka ga inda zaɓen yake, can za ka ajiye hankalinka. Gano wannan tsari ne ya ba Ciechanover da Hershko da Rose kyautar Nobel a 2004.

Nan ne yawancin ɗalibai ke zamewa, suna zaton duk abin da aka yi wa shaida kashe shi za a yi. A'a. Ubikwitin kan liƙu da juna su yi sarƙa, idan sarƙar ta haɗu ta K48, wato amino asid na 48 a jikin ubikwitin, furotin ya tafi farotiyasom, injin niƙan furotin, a niƙe shi. Idan ta K63 ce kuwa, galibi gangami ne ake yi, wato aika saƙo. Rubuta waɗannan biyun manya-manya a saman takardar.

Yanzu shigo da bairas, da shuɗin biro. Furotin ɗinmu RIG-I ne ke shaƙo RNA ɗin baƙo a cikin tantanin halitta, TRIM25, wani E3, ya ɗaura wa RIG-I ɗin sarƙar K63, saƙo ya tafi har a fitar da intaferon, furotin ɗin gargaɗi, tantanin da ke maƙwabtaka su shirya. Wanda ya fi burge ni kam TRIM21 ne, shi ma E3, bairas ya shigo da antibodi, furotin ɗin garkuwar jikinmu, manne a jikinsa bai sani ba, TRIM21 ya cafke antibodin, ubikwitin ya taru, a ja su gaba ɗaya zuwa farotiyasom tun bairas bai fara hayayyafa ba, an nuna wannan da adenobairas a Kambrij ta Ingila a 2010.

Sai jan biro, don bairas ma ba ya zaune. NS1, furotin ɗin bairas ɗin mura, yana tare TRIM25. PLpro na korona yana kankare shaidar. Ita kuwa HIV abin nata ya fi ciwo, furotin ɗinta Vif yana jan E3 namu ya sa shi ya yi wa APOBEC3G shaida, wato mai gadinmu, mu niƙe shi da hannunmu.

A kan kowace kibiya ka tambayi kanka wa ya liƙa, wa aka liƙa wa, wace irin sarƙa. Kashegari ka juya takardar ka sake zanawa da ka, inda ka cije nan kaɗai za ka buɗe littafi.