Darasi Na Bakwai: Kuɗin Wuta Da Sauƙin Da Doka Ta Tanadar Wa Mai Ƙaramin Ƙarfi

Mutane da yawa idan sun ji an ce "tallafin wuta" sai su zaci akwai wani ofishi da ake zuwa a karɓo kuɗi a hannu. A Najeriya ba haka abin yake ba. Sauƙin yana cikin farashin da ake sayar maka da wutar, da kuma ƙa'idojin da suka hana kamfani ya ɗora maka abin da ba ka sha ba. Wanda bai san su ba, haƙƙinsa zai yi ta salwanta wata bayan wata. Don haka kowa ya zo aji da takardar bil ɗinsa ta ƙarshe, ko rasit ɗin katin da ya saya, domin da su za mu yi aiki.

Har gobe muna cewa "wutar NEPA", amma a watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa aikin raba wuta a ƙasar ga kamfanoni 11. KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna ke da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Na Jos ya haɗa Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Ba su ke yanke farashi ba. Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki a ƙasar, ita ce ke yankewa, ita ce kuma ke sauraron ƙarar mai amfani da wuta, sai dai a jihohin da suka kafa tasu hukumar.

Wane rukuni aka sa ka?

Tun 2020 aka kasa layukan wuta gida biyar, gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su a rana. A takarda za ka ga kalmar "Band" da harafi a gabanta. Rukunin A awa 20 ne ko fiye, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4.

A watan Afrilu na 2024 an cire wa rukunin A tallafi, farashinsu ya haura Naira 200 a kan kowane yunit. Sauran rukunan huɗu aka bar su a tsohon farashi, gwamnati na cike gibin. Ke nan idan kana B zuwa E, tallafin yana cikin kuɗin da kake biya. Matsalar tana tasowa ne idan an rubuta layinku a rukunin A alhali wutar ba ta kai awa 20. Ƙa'idar NERC ta ce layin da ya yi kwana 7 a jere bai cika alkawarin ba, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace. Amma magana da baki ba ta isa hujja. Ku sami littafi a unguwa, mutum ɗaya ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kullum, har mako biyu. Da wannan littafin za ku je ofis.

Farashin gidan da ba ya wuce yunit 50

Wannan shi ne sauƙi mafi girma, kuma shi mutane suka fi jahilta. A jadawalin farashin NERC akwai aji na musamman na gidan da ba ya shan fiye da yunit 50 a wata, wanda aka fi sani da R1. Farashinsa Naira 4 ne kowane yunit. Yunit 50 ke nan Naira 200, ban da haraji.

Kafin ka nemi a sa ka a wannan aji, sai ka san abin da gidanka ke sha. A jikin kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa, lamba da harafin W a gefe, wato wat. Ka ninka wat da awannin da kake kunna abin a rana, ka ninka da kwana 30, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit na wata.

Mu gwada da gida mai ɗaki biyu. Ƙwai huɗu irin na zamani masu wat 9, awa 5 a rana: 4 sau 9 sau 5 sau 30, a raba da 1,000, ya ba da yunit 5.4. Fankar sama mai wat 75, awa 8 a rana, yunit 18. Talabijin mai wat 50, awa 4, yunit 6. Cajin waya biyu bai wuce yunit 1 ba. Dutsen guga mai wat 1,000, rabin awa sau 8 a wata, yunit 4. Jimla 34.4. Gidan nan yana ƙasa da 50, har da sarari.

Yanzu a cire ƙwan zamani a sa tsofaffin nan masu zafi, masu wat 60. Su huɗun kaɗai za su sha yunit 36, jimlar gida ta koma 65. Ƙwai huɗu sun fitar da gidan daga ajin. Haka ma duk abin da ke yin zafi: hitar dafa ruwa da murhun lantarki suna kai wat 1,000 zuwa 1,500. Awa ɗaya kullum da hita mai wat 1,000 yunit 30 ne a wata. Lokacin hunturu, da ake dafa ruwan wanka safe da yamma, nan katin mutane ke ƙarewa da wuri su ce mita ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Idan lissafinka da rasit ɗin wata uku sun nuna ba ka kai 50 ba, duba ajin da aka rubuta maka. In ba na masu ƙaramin sha ba ne, rubuta wa kamfani ka nemi a gyara, ka haɗa da kwafin rasit ɗin. Inda abin ke cijewa shi ne gidan haya mai ɗakuna da yawa a kan mita ɗaya. Kowane ɗaki ƙila yunit 20 yake sha, amma mita tana ganin 200, sai a caje su duka a farashi mai tsada. Ga kuma rigimar rabon kuɗi tsakanin mai firiji da mai ƙwai ɗaya. Maganinsa a nemi raba mita, da yardar mai gida.

Gidan da ba shi da mita

Shi ake kawo wa bil na kiyasi, kuma nan zalunci ya fi yawa. Tun watan Fabrairu na 2020 NERC ta sa iyaka: tana fitar da adadin yunit ɗin da ba a yarda kamfani ya wuce ba ga marasa mita a kowane yanki, bisa abin da masu mita na layin suke sha. A 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin sama da Naira biliyan 10 saboda ƙetare wannan iyaka. Ka nemi wani mai waya ya duba maka adadin yankinku a shafin NERC na intanet, ko ka tambaya a ofis, sannan ka gwada da yunit ɗin da ke kan bil ɗinka. Yunit za ka duba, kafin kuɗi. In ya haura, kana da haƙƙin a rage maka.

Mafita ta dindindin ita ce mitar kati. Akwai wadda gwamnati ke rabawa kyauta kashi-kashi tun 2020. Akwai kuma wadda mutum ke biya da kansa a tsarin da ake kira MAP, inda ƙa'ida ta ce a sa masa ita cikin kwanakin aiki 10 bayan biya, a kuma mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit. Kuɗin mita a asusun da kamfani ya bayar a rubuce ake biya. Kada ka miƙa wa kowa a hannu, ko da yana sanye da rigar aiki. Sayen taransifoma da turaku da gyaransu kuma nauyin kamfani ne, ba na unguwa ba.

Idan bashi ya taru

Kada ka ɓuya. Je ka ofis da ƙafarka ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan, ka faɗi abin da za ka iya a wata ba tare da ka karya alkawari ba, a rubuta, kowa ya sa hannu. Matuƙar kana cika wannan yarjejeniya, ba a yarda a yanke maka wuta a kan bashin ba. Mai mitar kati da ke da tsohon bashi ya lura da rasit ɗinsa, domin akan cire wani abu duk sanda ya sayi kati. Ya tambayi jimlar bashin, ya riƙa rubuta abin da aka cire, don ya san ranar da ya ƙare.

Wanda zai shiga sabon gida ya fara duba ko akwai bashi a kan mitar, ya ɗauki hoton lambobinta ranar da ya tare, ya sanar da kamfani a rubuce tare da takardar haya. Bashin wanda ya tashi ba naka ba ne, amma sai ka nuna ranar da ka shiga.

Muna roƙon kowa ya guji zagaye mita. Laifi ne a doka, tararsa tana da nauyi, kuma wayar da aka haɗa a ɓoye tana daga cikin abubuwan da ke ta da gobara da dare, mutane na barci.

Idan cuta ko rashin aiki ne ya hana ka biya, ba abin kunya ba ne ka kai kukanka ga kwamitin zakka na unguwa, ko hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Duk wanda kuma ya aiko maka da saƙo a waya cewa ka turo kuɗin rajista ko lambar sirrin katin bankinka don a ba ka tallafin wuta, ɗan damfara ne.

Yadda ake kai ƙorafi

Mataki na farko sashen ƙorafi na kamfanin. Rubuta takarda, ka yi kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Suna da kwanakin aiki 15. In ba su warware ba, ko ba ka gamsu ba, ka ɗauki kwafin mai hatimi zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke kusa da kai. Ba a biyan ko kwabo. Bayan dokar wuta ta 2023 wasu jihohi sun kafa tasu hukumar, don haka ka tambaya ko taku tana ciki. Yayin da ake duba ƙararka, ci gaba da biyan daidai bil na ƙarshe da ba ka yi jayayya da shi ba. Wannan ne ke kare ka daga yankewa.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Abu shida take bukata: sunanka, adireshi, lambar mita ko ta asusu, abin da ya faru da watan da ya faru, abin da kake so a yi, sai lambar waya da sa hannu. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa a rubuta masa, a karanta masa, sannan ya dangwala.

Aikin aji

Kowa ya nemo abu uku a takardarsa ya ja musu layi: lambar mita ko asusu, harafin rukuni, da adadin yunit. A gida kuma ya kwafo lambar wat ta kayan wuta biyar. Mako mai zuwa za mu yi lissafin kowane gida a allo, waɗanda suka faɗo ƙasa da 50 mu rubuta musu takardar neman gyara tare.