Zama Ɗan Gari a Ingila: Shawara ga Sababbin Zuwa Daga Kebbi da Zamfara

A Birnin Kebbi ko Gusau, ko a Argungu, Yauri, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, mutum ba ya fita neman labarin garinsu, labarin ne yake iske shi har ƙofar gida. Idan za a yi wa yara rigakafi, mai unguwa zai sa a yi shela. Idan an yi rasuwa, liman zai sanar bayan sallar asuba. Idan za a raba taki ko an buɗe rajistar katin zaɓe, kafin la'asar zancen ya zagaye majalisun hira da teburan masu shayi. Wannan tsari ya shiga jikinmu har ba ma lura da shi, sai ranar da muka sauka inda babu shi. Ƙannena da 'ya'yana da suke tafiya Ingila, wasu karatu, wasu aikin jinya ko kula da tsofaffi, na lura cewa shirinsu yakan tsaya ne a kan biza, tikitin jirgi, rigar sanyi da ƙullin kuka da daddawa. Ba kasafai ake samun wanda ya tambayi yadda ake tafiyar da garin da zai zauna ba, alhali kuwa mafi yawan wahalar shekarar farko daga nan take fitowa.

A can, mai shelar gari shi ne ambulan ɗin da ake turowa ta kafar ƙofa. Hukuma ba ta aiko ɗan aike, kuma da zarar ta rubuto takarda ta ɗauka an sanar da ku, ko kun buɗe ko ba ku buɗe ba. Saboda haka duk takardar da ta zo da sunanku, ko aka rubuta ta ga mazaunin gidan, ku buɗe ta a ranar, ku duba kwanan watan da aka ba ku na amsawa, ku adana ta a jaka guda. Wadda ta zo da sunan wanda ya bar gidan kuwa ba a buɗewa, sai a rubuta a bayanta cewa ba ya nan, a jefa ta akwatin gidan waya.

Hukumar da za ta fi rubuto muku ita ce ƙaramar hukumar garin, wadda suke kira kansul. Kada ku auna ta da ƙananan hukumomi 21 na Kebbi ko 14 na Zamfara, waɗanda mutum kan yi shekaru bai taka sakatariyarsu ba sai in takardar shaidar ɗan asalin gari ta kai shi. A Ingila kwashe shara, raba wa yara gurbin makaranta, rajistar haihuwa da mutuwa, ɗakunan karatu, maƙabartu, wuraren ajiye mota da binciken lafiyar gidajen haya duk suna hannun hukumomin yanki. A wasu wuraren hukuma ɗaya ce ke riƙe da komai, a wasu kuma an raba aikin tsakanin ta gunduma da ta lardi. Idan kuka sa lambar adireshin gidanku a shafin gwamnati na gov.uk, zai nuna muku taku.

Harajin gida shi ne inda na fi ganin mutanenmu suna shiga uku, domin da yawa suna zaton kuɗin haya ya haɗa da shi. Galibi ɗan haya ne yake biya, sai dai a gidan da ake haya ɗaki-ɗaki, inda yawanci yake kan mai gida. Ku tambaya tun kafin ku sa hannu a yarjejeniya. An kasa gidajen Ingila aji takwas, daga A zuwa H, bisa ƙimar da gida yake da ita a watan Afrilu na 1991, kuma a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 matsakaicin abin da gidan aji D ya biya fam 2,171 ne. An saba biya kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu, amma kuna iya neman a raba muku shi wata goma sha biyu. Gidan da duk mazaunansa cikakkun ɗalibai ne ba ya biya, baligin da yake zaune shi kaɗai kuma ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, sai dai duka biyun ba sa zuwa da kansu, dole a nema, ɗalibi kuma ya kawo takardar shaida daga makarantarsa. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da takardar tuni yana iya rasa damar biya kashi-kashi, a nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, daga nan sai sammacin kotu da masu karɓar bashi. Idan hannu ya yi ƙunci, ku kira su tun kafin ranar biya ta wuce, domin sun fi sassauta wa wanda ya yi magana da wuri.

Akwai wani haƙƙi da yawancin sababbin zuwa ba su san suna da shi ba. Kasancewar Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, ɗan Najeriya mai izinin zama, ko da ɗalibi ne, yana da ikon yin rajista ya jefa ƙuri'a a zaɓen kansiloli da na 'yan majalisar ƙasa. Rajistar ba ta wuce 'yan mintoci a intanet, ana tambayar lambar inshorar ƙasa wadda ake ba ma'aikata. Ana yin zaɓe ranar Alhamis, daga bakwai na safe zuwa goma na dare, na ƙananan hukumomi kuma yawanci a Alhamis ɗin farko ta watan Mayu. Tun 2023 ake buƙatar shaida mai hoto a rumfa, kuma fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ake karɓa. Ko da siyasa ba ta dame ku ba, ina roƙonku ku yi rajistar, saboda bankuna da kamfanonin ba da bashi suna duba kundin masu zaɓe domin tabbatar da adireshin mutum. Bayan haka, kansilolin mazaɓarku da ɗan majalisarku suna keɓe lokutan ganawa da jama'a, sunayensu da adireshin imel ɗinsu suna shafin hukuma, kuma ba a buƙatar ɗan rakiya ko wani ubangida kafin a gan su. Matsalar gida mai danshi da fumfuna wadda mai gida ya ƙi gyarawa, misali, ana kai ta sashen lafiyar muhalli na kansul, in aka ji shiru a rubuta wa kansila. Ba abin wasa ba ne: a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale sanadin fumfunar ɗakinsu, har daga baya aka yi doka saboda haka.

Rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP, kyauta ce, kuma a ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS ba a hana mutum don ba shi da takardar shaidar adireshi. Ku yi ta a makon farko kuna da lafiyarku, domin ta hannunsa ake bi a ga ƙwararren likita. Lambar 999 ta gaggawa ce, ta motar asibiti, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. 111 ta shawarar lafiya ce idan abin bai kai hatsarin rai ba. 101 kuma ta 'yan sanda ce a kan abin da ba na gaggawa ba.

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da baƙo zai fara zuwa, laburaren unguwa zan zaɓa. Dokar 1964 ta wajabta wa hukumomin yanki samar da ɗakunan karatu, aron littafi kuma kyauta ne. Amfaninsa ya wuce littafi nesa ba kusa ba: akwai kwamfuta da intanet, akwai inda ake buga takarda a kuɗi kaɗan, akwai ɗumi a lokacin hunturu, kuma a allon sanarwar da ke bakin ƙofa ne za ku ga darussan Turanci, tarukan mazauna unguwa, wasannin yara da wuraren ba da shawara. Ma'aikatan sun saba da tambayar baƙo, matambayi kuwa ba ya ɓata. A kan rikicin haya, bashi ko albashi, akwai ƙungiyar Citizens Advice, wadda aka kafa a 1939, tana ba da shawara kyauta. Sai dai ku kula da sharaɗin da ke kan yawancin bizar karatu da ta aiki, wanda ya hana karɓar tallafin gwamnati irin su kuɗin yara da na haya. Asibiti, makarantar yara da laburare ba sa cikin abin da aka hana, amma kafin ku cike kowace takardar neman tallafin kuɗi, ku tambayi masani, domin kuskure a nan yana iya shafar sabunta biza.

Magidanta, wannan maganar taku ce musamman. Matar da ta baro gida cike da dangi da maƙwabta a Jega ko Bunguɗu, aka ajiye ta a bene ita da jariri, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, kaɗaici yana iya yi mata illar da ba a gani da ido. Ku sa sunanta a takardun gida, ku nuna mata hanyar likita da laburare da cibiyar iyaye da yara ta unguwa, ta san lambobin nan uku da ka. Gurbin makarantar yara ta hannun kansul ake nema. Ga masu shiga firamare ana rufe karɓar takardu ranar 15 ga Janairu, ga sakandare 31 ga Oktoba, wanda ya zo tsakiyar shekara kuma akwai takardarsa daban. Ɗauke yaro daga makaranta ba da izini ba, ko da don zuwa biki gida ne, yana jawo tarar fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro. Haka kuma duka, ko barin ƙananan yara su kaɗai a gida, yana iya sa malamai ko maƙwabta su sanar da sashen kula da yara, kuma a Sikotilan da Wels an haramta dukan yaro kwata-kwata.

Shara kuwa kowane gari da launin mazubansa da ranakunsa, ku karɓi jadawalin ku liƙa a kicin. Ajiye tsohuwar katifa a bakin titi laifi ne mai tara.

Game da labarai, zauren WhatsApp na 'yan gida yana da daɗi kuma yana da amfani, amma bai isa ba, domin yawancin waɗanda ke ciki baƙi ne kamarku. Kusan kowane babban gari yana da jaridarsa, kamar Manchester Evening News a Manchesta da Leicester Mercury a Lesta, BBC tana da tashoshin rediyo na yankuna, rundunar 'yan sandan yanki da kansul suna da shafukansu a Facebook, hukumar hasashen yanayi kuma tana fitar da gargaɗi mai launin rawaya, ruwan goro ko ja. Abin da ya faru a 2024 ya isa darasi. Ranar 29 ga Yuli aka kashe yara mata uku a garin Southport, nan take aka baza ƙarya a intanet cewa wanda ya yi kisan Musulmi ne mai neman mafaka, alhali haifaffen Birtaniya ne. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa wasu garuruwa, aka kama fiye da mutum dubu, har wasu suka tafi gidan yari saboda abin da suka rubuta a intanet. A irin waɗannan ranaku, sanarwar 'yan sanda da ta masallacin unguwa ce take gaya wa mutum titin da zai kauce wa. Ku kuma kada ku tura abin da ba ku tabbatar ba. Ya kamata kuma a faɗa cewa mutanen garin ne suka fito da safe suka share titi, suka taimaka aka gyara katangar masallacin, domin kada tsoro ya sa ku ɗauki kowane maƙwabci abokin gaba.

Wanda ya fito daga yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, kamar Zurmi, Maradun ko Danko Wasagu, ya san da wannan tun yanzu: a daren 5 ga Nuwamba da kwanakin da ke kewaye da shi ana wasan tartsatsin wuta a ko'ina, ƙararsa kuma kamar ta harbi ce. Ku gaya wa iyalinku kafin lokacin, musamman yaran da suka taɓa kwana a daji. Agogo kuma yana canzawa sau biyu a shekara, ana ƙara awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a rage a ta ƙarshen Oktoba, don haka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinku ɗaya da na gida, a hunturu kuma Najeriya tana gaba da awa guda.

Ganin wata ba Sarkin Musulmi ne yake sanarwa a can ba, kuma yakan faru masallatai biyu a gari ɗaya su yi Salla a ranaku daban. Ku zaɓi masallacin da za ku bi, ku karɓi jadawalinsa na salloli, ku nemi hutun ranar Idi a wurin aiki da wuri tunda ba ranar hutun gwamnati ba ce. A Bamingam dubban mutane sukan taru sallar Idi a filin Small Heath idan yanayi ya yi kyau. A masallacin nan kuma ku tambayi kwamitin jana'iza. Ana rajistar haihuwa cikin kwana 42, ta mutuwa cikin kwana biyar, ba a binne mamaci sai takardu sun fito, kabari kuma saye ake yi da kuɗi mai nauyi a sashen Musulmi na maƙabarta. Masallatai da yawa da ƙungiyoyin 'yan Arewa suna da asusun da ake zuba kuɗi kaɗan-kaɗan domin wannan rana, ku tambayi sharuɗɗansa, ku shiga tun a watannin farko, ku rubuta sunayen iyalinku duka.