Kurakuran da aka fi yi wajen musun asalin makaɗan ƙungiyar rok

Tun da masu shagon caji a ƙauyukanmu na ƙasar Gumel suka fara tura wa yara tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa na rok, wato kiɗan jita da ganguna, a waya, musun da muka sha yi a zamanin kaset ya dawo majalisu, wato musun su wane ne asalin makaɗan ƙungiya kaza. Musun bai dame ni ba, domin alama ce ta cewa yaran suna sauraro da kunnen basira. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kurakuran da ake ta maimaitawa, waɗanda kan sa a raba dare ana ɗaga murya ba tare da an cim ma komai ba.

Kuskure mafi girma shi ne fara musu kafin a tsayar da lokacin da ake magana a kai. Kowace ƙungiya tana da ranar da aka kafa ta, da ranar da ta fitar da faifan farko, da kuma lokacin da duniya ta san ta, kuma sau da yawa mutanen da ke cikinta a waɗannan lokutan ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool ta ishe mu misali. Paul McCartney ya shiga ƙungiyar John Lennon a 1957, lokacin ana kiranta Quarrymen, George Harrison ya biyo baya a 1958. Da suka tafi Hamburg ta ƙasar Jamus a watan Agustan 1960 da sunan Beatles, su biyar ne, domin akwai Stuart Sutcliffe mai kaɗa jita mai kaurin amo, da Pete Best mai ganguna. Sutcliffe ya bar su a 1961, ya rasu a 1962. Shi kuwa Best an sallame shi a watan Agustan 1962, aka kawo Ringo Starr, kuma bayan haka ne faifansu na farko a Ingila ya fito a watan Oktoba. Saboda haka mai cewa Ringo na asali ne yana nufin mutum huɗun da duniya ta sani, mai cewa Best ne yana nufin waɗanda suka fara ɗaukar sunan.

Wannan kuskuren ya taɓa jawo mini asarar da har yau take yi mini ciwo. Ina da amini, malamin firamare ne kamar ni, wanda muke haɗa kuɗi mu sayi kaset idan ɗayanmu ya shiga Kano. Wani dare a wurin mai shayi na tsaya a kan Best, shi ya kafe a kan Ringo, magana ta yi zafi har ta bar kiɗa ta koma gori a gaban ɗalibanmu. Muka shiga gaba mai tsawo, sai da limamin garinmu ya kira mu ya yi mana faɗa kafin muka koma gaisawa, amma zaman bai sake komawa yadda yake ba. Abin takaicin shi ne babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinmu a daren nan. Tambayoyi biyu daban muke amsawa.

Tun daga lokacin na ɗora wa kaina doka. Duk wanda ya tare ni da wannan musu, sai na tambaye shi shekarar da yake nufi kafin in buɗe baki. Ni dai ma'aunina shi ne waɗanda suka hau dandamali a wasan farko da ƙungiya ta yi da sunan da aka san ta da shi. Na san akwai masu auna abin da faifan farko, kuma ban ce sun yi laifi ba, amma ma'aunin nasu yana zubar da mutanen da suka sha wahalar farko tun babu kuɗi babu suna, ni kuwa ba na yarda a share irin waɗannan.

Kuskure na biyu daga gida muka ɗauko shi, shi ya sa yake da wuyar cirewa. A wajenmu ƙungiyar kiɗa ta mai waƙa ce. Idan an ce Mamman Shata, an gama magana. Masu kalangu da 'yan amshi na iya sauyawa, amma ƙungiyar tasa ce har ya rasu a 1999. Sai yaranmu su ɗauki wannan tsari su ɗora wa makaɗan rok, su ɗauka duk wanda ke riƙe da makirufo shi ne mai ƙungiya. Kwanan baya ɗan ƙanwata ya ce mini, "Kawu, ai Mick Jagger ne ya kafa Rolling Stones, tunda shi ne a gaba." Na ce masa, "Ɗana, tsayuwa a gaba ba ita ce kafawa ba." Brian Jones, mai jita, shi ne ya nemi makaɗa a Landan a 1962 kuma ya raɗa wa ƙungiyar suna, ya bar ta a 1969, ya rasu a shekarar. Haka AC/DC: 'yan'uwa biyu masu jita, Malcolm da Angus Young, su suka kafa ta a Sydney ta Ostireliya a 1973, kuma mawaƙinta na farko Dave Evans ne. Bon Scott, wanda kuke rantsuwa shi ne na asali, sai a 1974 ya shigo. Haba samari! Kuna da waya a hannu dare da rana, amma ku kasa duba shekarar da mutum ya shiga ƙungiya kafin ku ƙaryata na gaba da ku? Wannan ba ƙarancin sani ba ne, ƙyuya ce.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada ku dogara da hoton bangon faifai: Ian Stewart mai fiyano yana cikin waɗanda suka fara Rolling Stones, amma manajansu ya cire shi daga jerin da ake nunawa a 1963, ya ci gaba da yi musu kiɗa da hidima har ya rasu a 1985. Kada sunan ƙungiya ya ruɗe ku: Peter Green ne ya kafa Fleetwood Mac a 1967, kuma John McVie, wanda daga sunansa aka ɗauko 'Mac' ɗin, bai kaɗa a wasansu na farko ba, Bob Brunning ne ya riƙe gurbinsa. Kuma wanda ya fi burge ku ba lallai ne ya zama na farko ba, domin David Gilmour mai jita ya shiga ƙungiyar Pink Floyd ne bayan kundinsu na farko na 1967, wanda Syd Barrett ya jagoranta.

Akwai kuma inda ma'aunin nawa ba ya aiki, kuma ina roƙon a daina tilasta shi a can. Kiɗan jitar Buzaye, wanda kasuwar Maigatari ta sa muka saba da shi, ba a kan tsarin mutum huɗu ko biyar aka gina shi ba. Ƙungiyar Buzaye ta Tinariwen ta faro ne wajen 1979 a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya a kewayen Ibrahim Ag Alhabib, kuma ta yi shekaru kaset ɗinta na yawo daga hannu zuwa hannu babu jerin sunaye, wanda ya samu zuwa ya kaɗa, wanda hanya ta raba ya tafi. Kundinsu na farko da ya shiga kasuwar duniya sai a 2001 ya fito. Idan aka tambaye ni asalin makaɗanta, nakan ambaci Ibrahim da abokan gudun hijirarsa na farko, ba na kuma karɓar hoton da aka ɗauka bayan sun ci kyautar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012 a matsayin hujja.