Yadda za ka tattara tarihin 'yan'uwa a babban gidan ma'aikata na Amurka kana zaune a Kano

A Kano akwai gidajen da ke da dangi a Amurka ta ɓangaren uwa. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi karatu a shekarun 1970 da 1980 sun yi aure a can, kuma yanzu 'ya'yansu da jikokinsu sun girma suna iya jero dangin uba tun daga Yakasai ko Mandawari har zuwa kakan kaka, amma game da dangin uwa abin da suka sani bai wuce cewa mahaifiyarsu ta fito daga gida mai yawan 'ya'ya ba, kuma kakansu ma'aikacin masana'anta ne. Wannan bayani domin mai son cike wannan giɓi ne, ko da kuwa bai taɓa taka Amurka ba.

Mai bincike yakan so ya haura kai tsaye daga uwa zuwa kaka zuwa kakan kaka, kamar yadda aka saba jero salsala a nan. A gidan ma'aikata wannan hanya takan ƙare da wuri, domin mahaƙin kwal ko leburan masana'antar ƙarfe bai bar wasiƙu da littattafai ba. Abin da ya rage game da shi yana cikin takardun da gwamnati da coci da kamfani da jarida suka rubuta, kuma waɗannan takardu sun warwatsu a kan sunayen 'ya'yansa. Saboda haka aikin shi ne ka bi kowane ɗaya daga cikin 'yan'uwan, tun daga ɗan fari har auta, domin abin da takardar wannan ta ɓata, takardar wancan za ta gyara. Akwai kuma wani dalili. A gida mai 'ya'ya goma, tsakanin ɗan fari da auta yakan kai shekara 20, kuma wanda ya yi wayo cikin tsananin talaucin shekarun 1930 bai san gidan da ƙaninsa ya sani ba bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da albashi ya ƙaru.

Ka fara da masu rai, kuma a cikinsu ka fara da babbar 'ya mace idan tana nan. A irin waɗannan gidaje ita ce ta yi renon ƙanne, ita ce ta san wanda aka haifa a wane gida, kuma sau da yawa akwatin hotuna da Baibul ɗin gidan, wanda ake rubuta haihuwa da aure da rasuwa a shafukansa, suna hannunta. Kada ka yi mata sallama da tambayoyi. Ka bari mahaifiyarka ko wani da ta sani ya gabatar da kai, ka gaishe ta a matsayin inna, ka faɗa mata abin da kake nufin yi da bayanin. Agogon New York da Detroit yana bayan na Kano da awa 6 a lokacin sanyinsu, da awa 5 a lokacin zafinsu, don haka bayan sallar isha'i a nan rana ce a can. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, domin ladabi ya buƙaci haka, kuma a wasu jihohi kamar California da Pennsylvania doka ce ta wajabta.

Tambayar da ta fi fitar da bayani ita ce mai ƙanƙanta. Idan ka ce ta ba ka tarihin gidansu za ta ce babu wani tarihi, amma idan ka tambayi wa yake kwana da wa, wa ya fara barin makaranta ya kama aiki, wa yake kai wa mahaifinsu abinci, wace shekara aka sayi gida, sai labari ya ɓalle. Ka yi wa kowane kawu da kowace inna tambayoyi iri ɗaya, amma kowa shi kaɗai, domin idan aka haɗa su babba ne zai yi ta magana. Inda maganarsu ta saɓa, ka rubuta duka biyun tare da sunan wanda ya faɗa, kada ka yi musu sulhu a takarda. Ba su da alkunyar faɗin sunan miji ko na ɗan fari, amma suna da abubuwan da suke nauyin faɗa, irin su shaye-shaye da zaman kurkuku da ɗan da aka haifa ba aure. Idan an yi shiru a kan wani, ka wuce.

Daga nan sai ka ware wa kowane ɗan'uwa shafinsa a littafi, ka rubuta cikakken suna da laƙabi da ranar haihuwa da garuruwan da ya zauna da ayyukan da ya yi. Abu biyu ke rikita mutumin Kano a nan. Na farko, sunan iyali yana bin 'ya'ya maza, mace kuwa takan ɗauki sunan mijinta, don haka 'yan'uwa mata biyar za su iya ɓacewa ƙarƙashin sunaye biyar, wadda ta sake aure kuma ta ƙara na shida. Na biyu, Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, wato 3/4/1948 na nufin 4 ga Maris. Ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa tun daga farko.

Takarda mafi amfani ita ce ta ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara 10 tun 1790. Doka ta hana fitar da sunayen mutane sai bayan shekara 72, don haka ta baya-bayan nan da ake iya gani ita ce ta 1950, wadda Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Amurka ta saki ranar 1 ga Afrilu, 2022, kuma kyauta ake duba ta a intanet. Kowane shafi yana jero gida guda guda: mai gida, matarsa, 'ya'ya bisa shekarunsu, jihar da aka haifi kowa, da sana'a. Ka fara da 1950 ka koma 1940, sannan 1930, kana kwatanta jerin yaran. Wanda yake cikin jerin 1940 amma babu shi a 1950 ko dai ya yi aure, ko ya tafi soja, ko ya rasu, kuma wannan ne zai nuna maka takardar da za ka nema gaba. Kowace ƙidaya tana da abin da ta keɓanta da shi. Ta 1930 ta tambayi ko gidan na haya ne da nawa ake biya, har da ko akwai rediyo. Ta 1940 ta tambayi inda mutum yake zaune a 1935 da albashin da ya samu a 1939, kuma an sa alama a gefen sunan wanda ya ba malamin ƙidaya amsa, abin da zai taimake ka ka san ko uwar gida ce ta yi bayanin ko wani yaro. Ta 1900 da ta 1910 sun tambayi mace yawan 'ya'yan da ta haifa da yawan waɗanda ke raye, kuma a ganina babu tambayar da ta fi wannan daraja ga mai bin 'yan'uwa, domin ita ce ke tona yaran da suka zo suka koma tsakanin ƙidaya biyu. Ta 1890 kuwa kada ka ɓata lokaci a kanta, domin gobarar da aka yi a Washington a 1921 ta lalata mafi yawanta.

Kada ka ɗauki shafin ƙidaya a matsayin hujjar ƙarshe. Malamin ƙidaya yana rubuta abin da kunnensa ya ji, shekaru sukan saɓa da ɗaya ko biyu, kuma sunan baƙo daga Poland ko Italiya yakan fito da rubutu iri uku a ƙidaya uku. Idan bincike da sunan iyali ya ƙi, ka nemi yaron da sunansa bai cika yawa ba, ka haɗa da gari da shekarar haihuwa. Ka kuma duba maƙwabta a shafin, domin ma'aikata sukan zauna layi ɗaya da danginsu, yadda ake samun 'yan asalin gari ɗaya sun taru a unguwa ɗaya kusa da masana'antun Bompai da Sharaɗa.

Bayan ƙidaya sai sanarwar rasuwa da ake bugawa a jaridun gari. Al'adarsu ce a lissafa waɗanda mamaci ya bari da waɗanda suka riga shi, ciki har da 'yan'uwa mata da sunayen aurensu da garuruwan da suke, don haka sanarwar kawu ɗaya za ta iya buɗe maka gidaje bakwai. Ka nemi ta kowane ɗan'uwa da ta iyayensu. Shafin Find a Grave yana ɗauke da hotunan duwatsun kaburbura, kuma shafin Chronicling America na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka yana da tsofaffin jaridu kyauta. Takardun haihuwa da aure da rasuwa kuwa jihohi da gundumomi ne ke riƙe da su, kowace da ƙa'idarta, kuma rajistar haihuwa ba ta game dukan jihohi ba sai 1933, don haka ga wanda aka haifa kafin nan littafin coci yakan fi.

Takardun aiki da na soja su ne ke nuna rayuwar ma'aikaci. Shirin fanshon tarayya na Social Security, wanda aka kafa da dokar 1935, yana da fom ɗin neman lamba mai suna SS-5, inda mutum da kansa ya rubuta sunan ubansa da sunan uwarsa na gidansu da inda aka haife shi. Ana neman kwafinsa da kuɗi idan mai shi ya rasu. Sai dai da farko ba a sa ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje cikin shirin ba, sai a shekarun 1950. Katin rajistar soja na yaƙin duniya na biyu, wadda aka fara a Oktoban 1940, yana ɗauke da wurin aikin mutum da sunan wanda zai san adireshinsa a kowane lokaci, kuma sau da yawa uwa ce ko yaya. Cikakken fayil ɗin soja zai iya gagara, domin gobarar Yulin 1973 a ma'ajiyar takardun soja da ke St. Louis ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da 18.

Idan dangin baƙar fata ne, ka sa ran za ka same su a wurare biyu. Tsakanin shekarun 1910 da 1970 kimanin mutum miliyan 6 suka bar jihohin kudu zuwa birane irin su Chicago da Detroit da Pittsburgh, kuma yawanci ɗan'uwa ɗaya ne ke fara tafiya ya samu aiki, sannan ya kira sauran ɗaya bayan ɗaya. Gano wanda ya fara tafiya da shekarar da ya tafi shi ne ƙashin bayan labarin gidan. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta daga bauta, kuma rajistar bankin 'yantattun bayi, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874, takan ƙunshi sunayen iyaye da 'yan'uwan mai ajiya. Idan kuma dangin daga Turai suka zo, jerin fasinjojin tsibirin Ellis, wurin tantance baƙi a New York, inda mutum fiye da miliyan 12 suka bi tsakanin 1892 da 1954, yakan nuna wurin wa baƙon ya nufa.

Ka lura da tazarar haihuwa. Inda ake haihuwa duk shekara biyu sai aka sami tazarar biyar, akwai yiwuwar an rasa yaro, musamman a kusa da annobar murar 1918, wadda ta kashe Amurkawa kimanin 675,000. Wani yaron kuma riƙo aka ba da shi ko aka kai shi gidan marayu bayan rasuwar uba, wani agola ne da aka rubuta da sunan mijin uwarsa. Ka sa kowa a jerin, ka bayyana matsayinsa gwargwadon abin da takarda ta nuna.

Game da kuɗi, shafin binciken zuri'a na FamilySearch kyauta ne kuma ya isa mafi yawan wannan aiki. Shafin Ancestry, mai irin wannan aiki, da dala ake biya, amma ɗakunan karatu da yawa a Amurka suna barin a yi amfani da shi kyauta a cikinsu, don haka za ka iya tura wa ɗan kawunka takamaiman suna da shekara ya dubo maka. Duk shafin da ka samu ka sauke hotonsa nan take, ka sa masa suna da shekara da gari, ka ajiye kwafi a waya da kwamfuta. Jadawalin zuri'a da wasu suka ɗora a waɗannan shafuka cike yake da haɗa mutum biyu masu suna ɗaya, kuma ban ga dalilin kwafe shi ba sai an ga takardar da ta tabbatar. Gwajin ƙwayoyin halitta kuma kada a yi shi sai da yardar manya, domin yakan fito da dangantakar da ba a shirya ji ba.

Wajen rubutawa, ka bi tsarin haihuwa, ka ba kowane ɗan'uwa sashensa ko da layi biyar ne, kuma kada wanda ya yi arziki ko ya yi karatu ya cinye shafukan wadda ta shekara 30 a masaƙa. Ka nuna wa masu rai abin da ka rubuta a kansu kafin ka raba, ka cire cikakkiyar ranar haihuwarsu da adireshinsu da sunan uwa na gidansu daga duk kwafin da zai shiga WhatsApp, domin da irin waɗannan bayanai ake damfara. Ka yi kwafi biyu, na Hausa domin dangin Kano da na Turanci domin na can, ka rubuta ranar da aka kammala a bangon, ka kuma bar fararen shafuka a ƙarshen sashen ƙananan 'yan'uwa, domin waɗanda aka haifa bayan Afrilun 1950 ba za su bayyana ba sai an saki ƙidayar 1960 a watan Afrilun 2032.